Igiyar Laima a Jikin Kalangun Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da igiyar laima ta shigo garinmu. Ko da ma na so in manta, mutanen Balan ba za su bar ni ba, domin har gobe akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba sai wanda na samo a wannan shekarar. (Zan faɗi sunan, amma a bari mu kai wurin tukuna.)

Mu gidan makaɗan mahauta ne, kaka da kakanni. Duk safiyar da aka kayar da sa, kalangun babana ne yake shaida wa gari cewa nama ya samu. Mata daga cikin gidaje suna jin kiɗan su gane ko sa ne mai kitse, ko kuwa wata tsohuwar saniya ce da Fulani suka gaji da kora, don Baba ba ya yi wa nama ƙarya. Saboda wannan aiki muna da rabonmu a kowane yanka, kuma duk bikin da ya shafi mahauta namu ne. Amma babban abin da gidanmu yake tinƙaho da shi shi ne taken Sarkin Pawa. Al'adar garinmu ce, ranar taro Sarkin Pawa ba ya tako ƙafa waje daga zaurensa sai kalangun gidanmu ya kira shi: "Taso, mai jar wuƙa! Sa ya durƙusa, taso!"

Kalangu kuwa da tsarkiya yake magana, wato siraran igiyoyin fatar nan da suka haɗa bakin sama da na ƙasa. Ka matse su a hammata murya ta hau, ka sassauta ta sauka. Da wannan hawa da saukar ne itace da fatar akuya suke kiran sunan mutum har tsigar jikinsa ta tashi. Ni dai na san wannan tun ina ƙarami, ina bayan Baba ina riƙe masa ɗan karɓi, ƙaramin kalangun da yake amsa wa babba. Na faɗi haka ne don kada wani ya yi mini uzurin jahilci. Da sanina na yi abin da na yi.

To, ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba sai ga Kawu Ilu, ƙanen innata, ya dawo daga soja. Ranar kasuwar Gaya ya sauka daga mota da akwatin ƙarfe a ka, muka tarye shi da murna har gida. Kowa ya zuba ido a ga rediyo ko agogo. Da ya buɗe akwatin a ƙofar gida, ban da kakinsa da wani tsohon bargo, babu komai a ciki sai igiya. Amma fa wace irin igiya! Nannaɗe take dami-dami, wata koriya irin kayan soja, wata fara sol, wata kuma ja wur kamar an tsoma ta a jinin rago. Kaurinta bai kai ɗan ƙaramin yatsana ba, ga santsi, ga sheƙi. Mu da muka tashi ba mu san wata igiya ba sai ta rama da ta kaba, masu kartar hannu, sai muka yi tsaye baki buɗe.

"Wannan da kuke gani," in ji Kawu, "mutum take saukowa da shi daga sama. Jirgi ya hau can inda shaho ma ba ya kaiwa, a buɗe ƙofa, soja ya yi tsalle. Sai wata ƙatuwar laima ta buɗe a kansa, shi kuma yana rataye da wannan igiyar, yana lilo, har ya dira a ƙasa da bindigarsa da takalmansa."

Wani dattijo ya ce, "Ilu, ka ji tsoron Allah."

Kawu bai yi musu ba. Ya sa aka jefa igiyar a reshen kukar ƙofar gidanmu, aka rataye buhun gyaɗa. Ba ta ce uffan ba. Aka ƙara wani buhun. Sannan shi kansa Kawu ya kama ya ɗage ƙafafunsa yana reto, hularsa ta faɗi. Dattijon nan ya matso ya shafa igiyar, ya duba tafin hannunsa, ya ce, "Allah mai iko." Daga nan Kawu ya yanki guntu ya nuna mana cikinta: ashe riga ce kawai a waje, a ciki akwai waɗansu fararen zaruruwa sirara kwance, kowane ɗaya ƙato ba ya iya tsinka shi da hannu. Ya ɗauko garwashi ya ɗosana a bakin da ya yanka, sai bakin ya narke ya dunƙule, ba sauran warwarewa. Igiyar da ake ɗinke bakinta da wuta! Wallahi a ranar na kasa cin tuwo don mamaki. (Daga baya ne muka ji cewa Kawu a wajen girki ya yi sojansa, kuma jirgi daga ƙasa ya riƙa hango shi kamar kowa. Amma wannan bai rage wa igiyar komai ba.)

Kafin kaka ta ƙare igiyar Kawu ta zaga gari. Masu jakuna da kekuna suka fi son koriyar, wai ba ta nuna dauɗa. Liman ya karɓi jar ya ɗaura wa gugan masallaci, ya ce ko ta faɗi cikin ciyawa ido zai gan ta. Mata suka yi rububin farar, masu ratayar layar goyo, masu shanya. Zaruruwan cikin ma ba a bar su ba, da su aka riƙa ɗinke bakin buhunan gyaɗa da tsinkakken takalmi. Ruwa ba ya ruɓar da ita, gara ba ta cinta. Ni a raina na riga na yanke hukunci cewa babu wani aikin igiya a duniya da wannan ba za ta fi kowa iyawa ba.

Ana nan sai abubuwa biyu suka haɗu. Sarkin Pawa ya sa ranar auren babban ɗansa, ciwon sanyi kuma ya kama kafaɗar Baba, hannun dama ko kofin ruwa ba ya ɗagawa. Sarkin Pawa ya zo dubiya da kansa. Ina tsugune a bakin zaure ina jin su.

"Garba," ya ce wa Baba, "yaron nan zai iya kuwa?"

"Ranka ya daɗe, zai iya. Hannunsa ya nuna."

"To, Allah ya sa. Amma ba zan ɓoye maka ba, na aika wa Mati na Ajingi ya zo. Ba raina gidanka na yi ba. Taro ne babba, mahautan Gaya da na Ajingi duk za su hallara, ba zan tsaya a zaure kamar amarya ina jiran kira ba. In yaro ya gaza, Mati zai karɓa. Ka kuwa san abin da aka karɓa a gaban jama'a ba ya komowa."

Baba ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe."

Mati na Ajingi shi ne abokin gasar Baba tun suna samari. Duk kasuwar da suka haɗu sai an bar ciniki an zagaye su. In taken Sarkin Pawa ya koma hannunsa, rabonmu na nama ya tafi, bukukuwan mahauta sun tafi, kuma za a ce a hannuna gadon gidanmu ya mutu. Wani abin da ya ƙara tayar mini da hankali shi ne kalangun Mati. Na sha ganinsa: an yi masa ado da tuntayen jar fata, yana tafe suna rawa. Na Baba kuwa baƙi ƙirin ne don tsufa, tsarkiyarsa ta sha gumi da man shanu har ta koma kalar daddawa, warinta ma kusan ɗaya.

Da Baba ya miƙo mini shi da hannun hagu, abin da ya ce kaɗan ne. "Kada ka taɓa komai a jikinsa. Ka shafa wa tsarkiya mai kaɗan, ranar kuma ka bar shi ya sha hantsi kafin ka fita."

Na ce, "To, Baba."

Wannan "to" ɗin ko zaure ba ta fita da ni ba. Ina tafe ina lissafi. Igiyar da ta riƙe ƙaton soja tsakanin sama da ƙasa, fatar akuya ce za ta gagare ta? Tsarkiyar fata tana tsinkewa, tana jin damina, ɓera yana cinta. Wannan kuwa fa? Ga ƙarfi ga kyau. Na hango kaina a tsakiyar fili, kalangu yana walƙiya, Mati da tuntayensa sun zama abin tausayi. Kun ji yadda ake yi wa rogo kallon kitse.

Na sami Kawu na roƙe shi. Ya zube mini ragowar a tabarma ya ce in zaɓa, bai ma tambaye ni abin da zan yi da ita ba, ya ɗauka akuya zan ɗaure. Na daɗe ina zaɓe kamar mai zaɓen zanen lefe. Ja dai dole ne, don ita ce kalar mahauta. Fara kuma saboda kitse, tunda nama ba ya kyau sai da shi. Koriyar ba ni da wani dalili a kanta, na dai ga in babu ita wa zai san ta soja ce?

Na ɗauki kalangu na yi can cikin gonarmu, gindin wata tsamiya, inda na tabbata kunnen Baba ba zai kai ba. Da farko na so in kwance tsarkiyar a hankali in adana. Amma ƙullin kakana ne, ya shekara yana shan mai, ya ƙi ko motsi. Sai na zaro wuƙa. (Har yau in na tuna ƙarar da fatar nan ta yi a bakin wuƙa sai na runtse ido.) Na zura sabuwar igiya rami bayan rami, sama da ƙasa, ja ta ƙare na ƙulla fara, fara ta ƙare na ƙulla koriya, da irin ƙullin da muke yi wa igiyar rama. Na taka da ƙafa na ja iya ƙarfina. Na hura wuta na ƙona bakunan kamar yadda Kawu ya nuna. Da na ɗaga shi a rana, ni kaina sai da na ja da baya. Ban taɓa ganin abu mai kyau irinsa ba, kuma in gaskiya ake so, har yanzu ban gani ba.

Na ɗan gwada shi, ba zan ce ban gwada ba. Na sa gula, sandar kiɗa, na buga kaɗan, murya ta fito tsararo saboda ɗaurin da ya sha. Na matsa, ta ɗan hau, ba kamar yadda na saba ji ba. Na ce ai sabon abu ne, sai ya saba da hammata. Tsoron kada wani ya gani ya ɓata mini mamakin da nake shirya wa gari ya sa na naɗe shi a buhu na cusa a rumbu, ban sake buɗewa ba sai ranar biki. Hantsin da Baba ya ce a ba shi ma a cikin buhu ya sha shi.

Ranar, bayan la'asar, filin ƙofar gidan Sarkin Pawa ya cika maƙil. Ga mahauta da riguna sababbi, ga Fulanin da suke sayar musu da shanu sun jingina da sanduna, ga mata ta kan katanga, ƙanshin tsire ya gauraye ko'ina. Mati na zaune a gefe kan tabarma da yaransa, kalangunsa a cinya. Na shiga tsakiyar fili, ƙanena na biye da ɗan karɓi, na kwance buhu a hankali yadda kowa zai gani.

Jama'a, an yi mamaki! Wata mata ta rangaɗa guɗa tun ban buga komai ba. Yara suka yi ta ihu, "Kalangun soja! Kalangun soja!" Wani Bafulatani ya matso har sandarsa ta faɗi. 'Yan matan da ko kallo ban ishe su ba a da suka riƙa taɓa juna suna nuna ni. Kaina ya kumbura har na ji hulata ta matse ni. Mati ma ya taso. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, ya sa yatsa ɗaya ya ja jar igiyar, ya saki, ya sake ja. Ya dube ni ya ce, "Ikon Allah." Ya koma ya zauna. Na ce a raina hassada ce ta kama tsoho.

Aka fara da rawar 'yan mata. Tun da na rataya kalangun na ji igiyar ta yi laushi a hammata, ba kamar yadda na bar ta a gona ba. Amma ga tafi, ga waƙa, ga ɗan karɓi yana ta zuba, hayaniya ta rufa mini asiri. Ni ma na rufa wa kaina.

Can sai maroƙi ya ɗaga hannu ya yi shela cewa Sarkin Pawa zai fito. Fili ya yi tsit. Aka buɗe hanya tun daga inda nake har bakin zaure. Ina hango shi a tsaye daga ciki, babbar riga, rawani, wuƙar gado a hannu, yana jiran kira. Na gyara tsayuwa irin ta Baba, na ɗaga gula, na matse hammata, na buga.

Dum. Dum. Dum-dum.

Murya ɗaya tak, ba hawa ba sauka. Na ƙara matsawa. Sai na ji igiyar tana bin hannuna, ina matsa ta tana miƙewa, fatar bakin kuwa ko a jikinta. Na sake bugawa. Dum, dum. Kamar ana dukan buhun dusa. Na ga ƙafar Sarkin Pawa ta leƙo bakin zaure, ta tsaya, ta koma ciki.

Wani tsohon mahauci ya ce, "Kai yaro, kira shi mana!"

Daga kan katanga wata ta ce, "Wayyo, kalangun mura yake yi."

Na saci kallon Mati, na ga yana kallon ƙasa. Na ce yau ko ni ko igiyar nan. Na tattara ƙarfin tuwon da na ci tun yaye, na sunkuya, na matse kalangu da hannu da haƙarƙari har na ji numfashina ya tsaya, na ɗaga gula sama.

Sai na ji wani ɗan "sul" a bayan hammatata. Ƙullin da ya haɗa ja da fara ne ya zame. Igiyar rama in ƙulli ya kwance takan tsaya ta yi gardama. Wannan kuwa santsi gare ta, sai ta bi ramukan nan sululu, ɗaya bayan ɗaya, ina ji ina gani. Bakin ƙasa ya faɗo a kan ƙafata. Bakin sama, fata da zobenta, ya yi tsalle ya dira a kan gefensa, ya gangara kamar faifai ta tsakiyar hanyar da aka buɗe, bai karkace ba, bai tsaya ba, sai da ya shiga zaure ya kwanta a gaban Sarkin Pawa. Ni kuwa ga ni tsaye da gula a sama, rungume da tsuran itacen kalangu kamar wanda ya sato ɗan turmi, igiya ja da fara da koriya ta zubo ta nannaɗe mini ƙafafu.

Ba wanda ya yi tari. A cikin wannan shirun ne muryar Kawu Ilu ta taso daga bayan taro, da iya ƙarfinsa:

"Laima ta buɗe! Soja ya sauka lafiya!"

Dariyar da aka yi a ranar, na tabbata an ji ta a Gaya. Mahauta suna riƙe ciki, Fulani suna dukan ƙasa da sanda, wata mata har ta zamo daga katanga. Na roƙi ƙasa ta tsage in shige, ta ƙi. Daga ranar na zama Sojan Laima, kuma ga shi na cika alkawari na faɗa muku.

Amma ba dariyar ce ta fi tsaya mini a rai ba. Ina cikin wannan hali na ga Mati ya miƙe, ya saɓa kalangunsa, ya nufo tsakiyar fili, tuntaye suna rawa. Dariya ta fara lafawa, don kowa ya san abin da zai biyo baya. Na ce shi ke nan, gadon kakana ya tafi Ajingi. Idona ya ciko, na sunkuyar da kai.

Sai na ji nauyi a kafaɗata. Mati ne ya cire kalangunsa ya rataya mini. Ya karɓe tsuran itacen daga hannuna ya miƙa wa yaransa, ya karɓi ɗan karɓi daga hannun ƙanena ya rataya wa kansa.

Na ce, "Baba Mati..."

Ya ce, ƙasa-ƙasa, "Rufe bakinka, ɗan Garba. Tun kafin a haife ka nake neman kayar da ubanka. In zan ci shi, a hannunsa zan ci shi, ba a hannun igiyar soja ba. Fitar da ƙafarka daga wannan tarkacen ka kira mutumin nan, ya gaji da tsayuwa."

Na matse hammata. Allahu akbar! Tsarkiyar fata ta tsaya ƙyam, fatar baki ta amsa nan take. Na buga, kalangu ya buɗe baki ya ce, "Taso, mai jar wuƙa!" Kafin in rufe, ɗan karɓi ya amsa daga bayana. Ban taɓa jin an riƙe wa mutum kiɗa haka ba. Duk inda hannuna ya yi sanyi sai in ji ya tallabe ni, duk inda na bar rami ya cike, amma ko sau ɗaya bai sha gabana ba. Mutumin da ake tashi daga garuruwa don a ji shi, ga shi a bayan yaron da ya gama zubar da mutuncinsa, yana yi masa amshi. Tsigar jikina ta tashi, ina kiɗa hawaye na zuba.

Sarkin Pawa ya fito. Wuƙa a hannun dama, bakin kalangun Baba a hannun hagu, yana fifita da shi yana takawa. Fili ya ɗauki guɗa.

Kafin magariba na koma gida, Kawu na biye da ni da tarkacen igiya, har lokacin bai gama dariya ba. Baba na kishingiɗe a zaure. Na durƙusa, na rasa ta inda zan fara. Bai bar ni na fara ba.

"Na ji kalanguna ya bebance," ya ce. "Na ji an yi dariya. Sannan na ji hannunka a kan kalangun Mati, na ji Mati a kan ɗan karɓinmu. Abu ɗaya ne kunnena bai gaya mini ba. Me ka sa masa?"

Kawu ya miƙa masa jar igiyar. Baba ya taka gefe ɗaya da ƙafa, ya ja da hannun hagu, ya ga ta miƙe, ya saki ta koma.

"Ai da ya tambaye ni da na gaya masa," in ji Kawu. "Da gangan aka yi ta haka, Yaya. Lokacin da laima ta buɗe a sama, fizgar da take yi wa mutum, in igiyar ba ta miƙe ba sai ƙashin bayansa ya karye. Miƙewar nan ita ce ran soja."

Baba ya daɗe yana juya ta a hannu. Na zaci faɗa zai yi, sai na ga shi ma mamaki ne ya kama shi. Ya ce, "Kai, masu hikima sun yi aiki a nan. Wato ita an yi ta ne don in an ja ta ta bi. Tsarkiya kuwa an yi ta don in an ja ta ta ƙi." Ya ɗago ya dube ni. "Ina ta kakanka?"

Na ce tana gindin tsamiya, gunduwa-gunduwa. Ya juya fuskarsa bango. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Washegari da hantsi ina zaune a ƙofar gida, na kasa shiga gari, ban kuma san matsayinmu ba. An dai fito da Sarkin Pawa, amma da kalangun Ajingi aka fito da shi. Sai ga ɗan aike daga mahauta da ƙwarya a rufe. Aka buɗe a gaban Baba: rabonmu ne na naman biki, har da ƙari. A ƙarƙashin ƙwaryar kuma ga wani dogon yanki na fatar san da aka yanka, a naɗe.

Ɗan aiken ya ce, "In ji Sarki, a gaya wa Sojan Laima sa ma yana da igiya a jikinsa. Wai jibi akwai yanka, yana so ya ji kira, ko da na aro ne."

Baba ya yi dariyar da ta tayar masa da ciwon kafaɗa. Da wannan fatar, bayan ta sha jima, ya zaunar da ni ya koya mini yankan tsarkiya, yana nuni da baki ni ina yi da hannu. Ita ce a jikin kalangun har na miƙa shi ga nawa ɗan, kuma na gaya masa kada ya taɓa komai a jikinsa. Ya ce, "To, Baba." (Na bi shi da ido har ya fita zaure.)

Abin da na koya dai shi ne, kafin ka ɗora wa abu aiki don ya burge ka, tambayi aikin da aka yi shi dominsa. Igiyar laima ba ta cuce ni ba, halinta ta nuna, halin da yake sauko da mutum daga sama da ransa. Ban kuwa yar da ita ba. Jar na yanka na yi mazagin wando da ita, kuma shekarun nan da rabon naman mahauta ya zauna mini a ciki, na ga ranar miƙewarta. Duk yadda tumbi ya ja, bi take yi, ba ta taɓa yi mini gardama ba. Ƙulli dai yanzu biyu nake yi mata.